Birki, Kana Gida?

Ƙafata ce ta riga kaina sanin akwai matsala. Na ɗora ta a kan birki a hankali, yadda na saba, sai na ji ta zarce har ƙasa ba abin da ya tare ta, kamar mai tafiya cikin ruwa ta taka rami tana zaton tudu ne. A lokacin mun riga mun haye kan tudu, gangara ta fara jan mu. A bayan mota kwandunan kifin banda ne har sun ɗara bodi. A gefena Gwaggo Balki ce, ƙanwar mahaifina, tana ɓarar gyaɗa tana ba ni labarin maƙwabciyarta da ta ari tukunya ta dawo da ita ba murfi. A cikina kuma akwai ɗan da ni da maigidana Sanusi muka daɗe muna roƙon Allah, bayan na farko ya zube, ga shi tun da safe yana ta shurina a ƙarƙashin haƙarƙari.

Na ɗaga ƙafar na sake takawa. Shiru.

"Innata, lahiya?" in ji Gwaggo. "Na ga kin bar ni ina ta zuba ni kaɗai."

Na kafa ido a gaba. Can ƙasa, inda gangarar ta ƙare, hanya cike take. Ranar kasuwar bakin iyaka ce, ta wajen ƙasar Benin. Ga mata da ƙoren nono a ka, ga masu jakuna, ga garken shanu yana tsallakawa cikin natsuwa.

Yau 'yan kwanaki ke nan da faruwar abin, amma har yanzu yana dawo mini. Sanusi ya ce in daina tunawa. Na gwada, abin ya ƙi. Shi ne na ce bari in tuna shi tun daga inda ya faro, domin a kan gangarar nan, bayan sunan Allah, abin da ya fara zo mini shi ne ƙaurin hayaƙin banda da muryar kakata.

Sunanta Hajara, ni aka mayar wa sunan. Shi ya sa 'ya'yanta ba sa iya kiran sunana, sai dai su ce Inna ko Innata, ita kuwa Takwara take ce mini. Basarkiya ce, 'yar masunta gaba da baya, a wani ƙauye na bakin Kwara cikin ƙasar Bagudo, kuma sana'arta banda. A bayan ɗakinta akwai murhun laka dogo kamar kwale-kwale, da raga a kansa. Da an idar da magariba an ci tuwo, sai ta jera tarwaɗa da ƙarfasa a kan ragar, ta tura ɗanyen itace don ya ba da hayaƙi kada ya yi harshe, ta zauna a kan wani tsohon turmi da aka kifar. Kifin banda ba a barin sa, sai ana juyawa, ita kuma baya ya fara yi mata ciwo. Sai ta kafa doka: wanda bai juya kifi ba, ba ya jin tatsuniya. Haka muke zagaye murhun, mu jikoki, idanu na hawaye, hannaye duk maiƙo, sauro ya kasa matsowa, kwaɗi na ta kukansu a fadama.

Daga inda muke zaune muna hango motar gidan a gindin mangwaro, da dutse a bayan tayarta. A-kori-kura ce, tsohuwa tukuf, wadda kakanmu marigayi Malam Ige direba ya sayo a tsallaken iyaka, ƙasar da tsofaffinmu har yau suke ce wa Dahome. Don haka ake kiran ta Badahomiya. Ban taso na iske kakan namu ba. Ɗansa, Baffa Manu, shi ke jan ta a zamaninmu.

Kaka ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, amma in ana gardamar mota a gidanmu ita ke raba ta. Wata rana na tambaye ta inda ta koya. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Kunya ta koya min, Takwara. Ina amarya anka sa ni gidan gaba, ni da kwandon kihi da kakanku. A zamaninmu wa ka duban miji ga ido? Sai in duƙar da kai. To, mi ke ƙasa in ba ƙahwa ba? Daga nan har Dahome ƙahwa nika kallo, zuwa da dawowa. Sai da na yi haihuwa biyu kana na san shina da tabo ga goshi. Amma ƙahwar ga tashi, na san ta kamar yunwar cikina."

Abin da ta gani a ƙasan nan shi ta mayar mana tatsuniya. Ba ta buɗe ta yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Sai ta buga murfin kwano ta ce, "Ga ta nan ta yi lodi, wa za shi shiga?" Mu kuma mu haɗa baki, "A ba mu gidan gaba!" Sannan ta sa kowa ya jera totuwar masara uku a gabansa, ya zauna a kan dutse ya miƙe ƙafafu.

Wai a ƙarƙashin ƙafar kowane direba akwai wani ɗaki mai duhu, 'yan'uwa uku ke zaune a ciki. Na dama Totur, shi ne auta, bakinsa ba ya shiru, ko shafa shi aka yi sai ya yi ruri gari ya ji. Na hagu Kuloci, ɗan aike, shi ke kai saƙo wurin uwarsu Giya. Na tsakiya Birki, babban wa, miskili, ba ya magana sai an yi masa, kuma abin da ya fi ƙi a duniya shi ne ruwa. Can a lungu kakarsu ce kwance, tsohuwa Birkin Hannu, wadda ba a tashin ta sai da lallami, don in aka fizge ta a firgice sai ta kifar da gidan baki ɗaya.

Ana nan sai Ƙadangare ya sami mota. Ya sayi jar hula ya karkata ta, ya ce duk dabbobin gari su fito ya kai su kasuwar Dahome. Kura ta shiga, Zakara ya ɗare saman kaya, Akuya mai tsohon ciki aka ɗaga ta aka sa a bodi, Agwagwa mai sayar da kifi kuma ta zauna gidan gaba. Kafin a tashi, Ƙadangare ya leƙa ɗakin nan mai duhu ya ce, "Totur, barka da asuba. Ina gajiya? Ya iyali?" Totur ya yi ruri, shi kuma ya ji daɗi har hularsa ta ƙara karkacewa. Birki ko kallo bai ishe shi ba.

A nan Kaka takan toshe hanci ta yi muryar Agwagwa: "Malam direba, ba ka gaida babban ba." Sai ta bubbuɗa ƙirji ta yi ta Ƙadangare: "In gaishe shi shi yi min mi? Tunda nike da shi aikinai guda na, hana ni isa da wuri."

Suka iske ruwa ya cinye hanya, suka keta. Birki ya jiƙe sharkaf, sanyi ya kama shi, ya ja bargo ya juya wa ƙofa baya. Agwagwa ta ce a tsaya a gaishe shi ya ji ɗumi. Ƙadangare ya ce ta yi masa shiru, ita da ko lasisi ba ta da shi. Da suka kai gangarar da ke sauka Kwara, don rowar mai, har uwarsu Giya ya sallama ta je ta huta, ya sa mota a firi. Mota ta ɗauki gudu, kogi ya taso musu. Sai a lokacin ya daka wa na tsakiya ƙafa da iyakar ƙarfinsa. "Birki! Birki!"

Kaka takan yi shiru a nan. Ta juya kifi ɗaya, ta juya wani, ta gyara itace, mu kuwa numfashi ya tsaya mana. Sannan ta ce, can ƙasan maƙoshi, "Wa ka kirana? Muryar ga ban san ta ba."

Karon farko da na ji tatsuniyar, cikin Kwara motar ta faɗa, Ƙadangare kaɗai ya yi tsalle ya kama reshe. Na fashe da kuka, na ce to Akuya fa, da abin da ke cikinta? 'Yan'uwana suka yi ta yi mini dariya. Kaka ta jawo ni jikinta, ta share mini majina da haɓar zanenta mai ƙaurin hayaƙi.

"Ke, wa yac ce miki ta ƙare? Kin manta Agwagwa na gidan gaba? Wagga da ta shekara tana kallon ƙahwa?"

Tun daga ranar tatsuniyar ta sami sabon ƙarshe. Agwagwa ta ture Ƙadangare ta taga, ta zauna a mazauninsa, ta shimfiɗa faffaɗar ƙafarta. Ba ta yi wa Birki tsawa ba. Ta taɓa shi a hankali, ta saki, ta sake taɓawa, tana waƙa. Kaka ta bayar, mu mu amsa, kowa na taka totuwar tsakiya:

"Birki, Birki, kana gida?"
"Ina gida, sanyi nika ji."
"Birki, Birki, matso wuta."
"Na matso, ƙara kira."
"Birki, Birki, kana gida?"
"Ina gida, taka ki ji!"

Wasu ranakun Birki yakan amsa, mu daka totuwar har ta tarwatse. Wasu ranakun kuma, in kifi bai yi ba tana so ta ƙara riƙe mu, sai ya ƙi. Nan Agwagwa za ta aiki Kuloci ya taso uwarsu, a sauko da ita mataki-mataki ba a tsallakewa. Sannan a je lungu a durƙusa a ce, "Tsohuwa, a yi haƙuri," a ja ta kaɗan-kaɗan. In duk wannan bai isa ba, in ji Kaka, sai a nemi wuri mai laushi a kwanta. "Taɓo, sabulu ka hidda shi. Jinin mutum ba ya hita."

Akuya ta haihu a kasuwar Dahome, 'yan biyu. Ƙadangare kuwa tun daga ranar ya yi hankali. "Ku dube shi gobe bisa katanga," in ji Kaka. "Shi ɗan ruga, shi tsaya, shi yi ta ɗaga kai shina saukewa. Birki shika gaidawa." Sai ta sake buga murfin kwano. "An kashe mota, kowa shi sauka da kayanai. Ƙurunƙus." Washegari duk ƙadangaren da ya gifta sai mun bi shi da ihu, "Malam direba, ya birki?"

Na girma na bar totuwa. Na yi sakandare a Bagudo, har na fara jin kunyar waƙar in ƙannena na yin ta a gaban ƙawayena. Shekarar da na gama, idon Baffa Manu ya fara yana, ya daina gane rami sai ya faɗa shi. Samarin gidan duk babur suke so, ba mai sha'awar tsohuwar da sai an tura ta in ta kwana cikin sanyi. Ni na ce a koya mini. Aka yi ta surutu a gari, wai ina aka taɓa ganin mace da a-kori-kura. Kaka a lokacin ta tsufa ƙwarai, ta bar wa Gwaggo Balki murhu. Daga kan tabarmarta ta ce, "Birki bai san ƙahwar namiji da ta mace ba. Wadda tag gaishe shi yas sani." Magana ta mutu a nan.

A filin ƙwallon firamare Baffa ya koya mini. Badahomiya giyarta a jikin sitiyari take. Ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta. Hannun ɗaga gilashi guda ɗaya ne, sai dai a riƙa miƙa wa juna. Ham ɗinta wasu wayoyi biyu ne da ke reto, sai an haɗa bakinsu ta yi kuka kamar tunkiya mai mura. Cikinta warin fetur ne da na kifi, irin wanda yake bin mutum har ɗaki. Amma bel ɗinta sabo ne, Baffa ya sayo ya ɗaura da kansa, kuma ba ya bari a tayar da ita sai an zagaya an duba tayoyi, an leƙa ruwa, an buɗe ɗan kofin man birki an gani da ido.

"Inna, sassauta," yakan ce, kansa a sunkuye yana saurare, tunda kunne ya fi masa ido amfani. "Inna, wa ka korar ki?" In na yi kuskure ba ya iya zagina, sunan uwarsa gare ni. Sai dai ya cire hula ya dafe kai ya ce, "Allah shi ba ki haƙuri, Inna, yau kin so ki kashe ɗanki." Shi ya nuna mini yadda ake sauko da giyar tsohuwar mota: a taka kuloci a fito da ita, a saki, a ɗan taɓa totur, a sake takawa sannan a shigar. "A ba auta ɗan abin taɓawa," in ji shi, "shi bar uwar ta wuce." Ya hana ni sa ta firi a gangara ko da man zai ƙare a bar mu a daji. Ranar da muka fara keta ruwa kuwa, muna fitowa na ji ƙafata ta tafi kan birki da kanta, taɓa, saki, taɓa, saki. Baffa ya ɗago kai.

"Wa ya koya miki wanga?"

"Agwagwa," na ce.

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai shi ma da totuwa ya fara. Sannan ya yi mini bayanin abin da nake yi ban sani ba: birkin tsohuwar mota in ya sha ruwa ba ya kamawa sai ya bushe, taɓawar nan ce ke ɗumama shi, kuma ita ke gaya wa direba ko yana nan tun kafin buƙata ta taso.

Sau ɗaya tak Kaka ta shiga motar ina ja, bayan na karɓo lasisi a Birnin Kebbi. Suna za mu a Zagga. Muka ɗaura mata bel tana mita wai an ɗaure ta kamar akuyar kasuwa. Duk tsawon hanyar ba ta dubi titi ba, ba ta dubi gonaki ba, kanta na duƙe. Muka isa, na kashe mota. Can ta ce, "Ƙahwar Malam ta, sak. Sai dai taki ta hi tashi ganin sabulu." Ba ta ga daminar da ta biyo baya ba.

To, ranar kasuwar nan, ni da Sanusi mun riga mun yi magana cewa ita ce tafiyata ta ƙarshe sai na sauka lafiya. Kifin Gwaggo ya fara jan danshi, in ya jira wata kasuwar zai yi fumfuna. Na zagaya mota, na duba man birki yana nan cike, na ɗaura bel a ƙasan ciki yadda malamar awo ta nuna mini. Wajen Lafagu muka iske ƙorama ta hau hanya. Na shiga da lamba ɗaya. A tsakiyar ruwan na ji wani dutse ya daki ƙasan motar, amma ta wuce. Muna fitowa na gaida Birki, ya amsa da rauni, irin amsar mai jin sanyi. Sai na tsaya a lamba biyu muna hawan tudu, don Baffa ya ce ba a hawa uku sai Birki ya amsa da cikakkiyar murya. Babura na ta wuce mu.

"Innata, wagga tahiya taki sai mu iske kasuwa ta watse," in ji Gwaggo. "Ko jakin can ya hi mu sauri."

A kan tudun na sake gaishe shi, ƙafata ta zarce ƙasa. Daga baya ne bakanike ya gano dutsen ya tsaga tiyon birki, man ya yi ta tsiyaya har ya ƙare.

Na taɓa, na saki, na taɓa, na saki. Ba kowa a gida. Motar ta fara nauyi a hannuna, kayan baya na tura ta.

"Gwaggo, ba birki. Haɗa wayar ham."

Gyaɗar ta watse a ƙasa. Ta cafko wayoyin tana salati, Badahomiya ta saki kukan tunkiyarta. Gwaggo ta zura kai ta taga tana ihu da Hausa, ta koma Fulatanci, ta koma Dandanci, duk bakin da Allah ya hore mata. Ni kuwa na aiki Kuloci. Abin da ya fi mini wuya a rayuwata shi ne in taɓa totur alhali tsayawa nake nema, ga mutane a gabana. Na taɓa. Na tura giyar zuwa lamba ɗaya, ta yi wata ƙara kamar ana markaɗa tsakuwa, ta shiga. Injin ya yi kururuwa, bel ya riƙe ni, motar ta ja da baya kamar an kama wutsiyarta. Na miƙa hannu lungu na kama tsohuwa. Duk jikina cewa yake in fizge ta. Na ji bakina yana faɗin, "Tsohuwa, a yi haƙuri," ina ja kaɗan-kaɗan.

Gudun ya ragu, amma bai ƙare ba. Mutane sun dare gefe, sai dai saniya ba ta san ham ba, kuma a tsakiyar garken akwai wata mata da goyo a bayanta, ta rasa inda za ta bi. Har kalar zanen goyon na gani. A hannun dama gonar shinkafa ce, ruwa kwance a cikinta. Na karya sitiyari.

Abin da na tuna shi ne taɓo ya rufe gilashi, wani abu ya bugi gefen cikina, sannan komai ya yi tsit, sai ƙarar kwanduna na gangarowa ɗaya bayan ɗaya. Aka kwance igiyar ƙofa aka fito da mu. Wata Bafulatana ta wanke mini fuska da ruwan gorarta, matar nan mai goyo ta riƙe hannuna tana magana da harshen da ban ji ba, ta ƙi saki. Gwaggo, da jini a goshi, ta fara kukan kifinta da ke yawo a cikin shinkafa. Sai ta juyo ta ga inda na ɗora hannuna. Ta manta da kifin.

"Shina motsi?"

Na girgiza kai. Ɗan da ya hana ni sakat tun safe ya yi lamo.

Wani mai mota ya sauke kayansa a bakin hanya ya juya da mu Bagudo, wani ƙaramin asibiti. Aka ɗinke goshin Gwaggo, aka yi wa Sanusi waya. Ungozomar, wata dattijuwa mai tabarau, ta duba ta ce ba jini, ta ɗora ɗan ƙahon da suke sauraron ciki da shi, ta matsar da shi nan, ta matsar can. Fuskarta ba ta gaya mini komai ba. Ta ce jikina na karkarwa da yawa, bugun zuciyata ya cika mata kunne. Ta ba ni ruwan sanyi da sukari, ta ce in kwanta ta gefen hagu in natsu, za ta dawo.

A kwancen nan na yi ta tunanin Kaka. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ta rashin kunyar Ƙadangare ce. Da na fara tuƙi na ce ashe darasin mota ne aka naɗe mana a cikin wasa. A kan gadon nan kuwa sai na ga wata amarya da aka hana ɗaga ido, ba ta yi fushi ba, ta kalli ɗan abin da aka bar mata ta kalla har ta haddace shi, ta adana shi shekara da shekaru, ta zo ta dasa shi a ƙafafun yara da totuwar masara. Gaisuwata ba ta hana tiyo tsagewa ba, wannan ikon Allah ne. Amma ita ta sa gangara ta same ni a lamba biyu ina rarrafe, maimakon a lamba huɗu ina gasa da babura. Wanda zai tsayar da kai ranar wuya, tun ranar daɗi ake neman zumuncinsa. Ban sani ba ko zan sake iya zama a bayan sitiyari. Amma na roƙi Allah, in ya bar mini wannan ɗan, zan jera masa totuwa uku.

Ban san lokacin da yatsuna suka fara taɓa gefen cikina ba. Taɓa, saki, taɓa, saki. A hankali, ba tsawa. Bakina na motsi, murya ba ta fita sosai.

"Birki, Birki, kana gida?"

Gwaggo na zaune a ƙasa ta jingina da gadon, kanta naɗe da bandeji. Ashe ta ji. Ita ma ta sha jin waƙar a bakin murhun nan. Da wata murya a dishe, wadda ta ƙare a ihun gangara, ta amsa.

"Ina gida, sanyi nika ji."

"Birki, Birki, matso wuta."

"Na matso, ƙara kira."

Na buɗe baki zan ƙara kira, hawaye na zuba. Sai na ji shi, can ƙarƙashin haƙarƙari, wurinsa na kullum. Ɗan shuri ƙarami, kamar na wanda aka tasa daga barci yana jin haushi. Na kama hannun Gwaggo na ɗora a wurin. Ya ƙara.

Gwaggo ta miƙe da gudu har tana tuntuɓe da takalminta, tana kiran, "Malama! Malama!" Ungozomar ta zo ba ta sauri, ta gyara tabarau, ta ɗora ƙahon, ta kafa kunne. Ta daɗe. A waje aka fara kiran sallar la'asar, na ji muryar Sanusi a baranda yana tambayar ɗakin da nake. Sai ta ɗago, ta ja mini zane ta rufe cikin, ta ɗan buga ƙafata da tafin hannunta.

"Zuciya na bugawa kamar ganga. Ke da shi duk lahiya lau. Ki bar kukan ga hakanan, ɗiyata, kun tsira."

Gwaggo ta zame ta zauna a ƙasa, ta share ido da haɓar zane.

"Shina gida, Innata," ta ce. "Ashe shina gida."